Ɗan Fari a Filin Ƙwallon Ostareliya

Yayana ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba. In yana kusa ya ce masa "kai", in ba ya nan ya ce "yayanki" ko "yaron nan". Ni kuwa da na ci sunan kakarmu, "Mamana" yake kirana, yana ɗora ni a cinya har na yi girman da Umma ta fara hararar mu. Yaya ko dafa kafaɗa bai taɓa samu ba. Kunya ce, irin wadda Baba ya taso ya tarar a gidansu a Kano: ɗanka na fari ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa, ba ka nuna ka damu da shi a gaban mutane. Baba ya naɗo wannan kunyar tare da takardunsa na likita ya kawo ta Manchester, ya ajiye ta a flat ɗinmu na unguwar Whalley Range, shekara da shekaru ko tsatsa ba ta yi ba.

To, je ka yi wa yaron da aka haifa a Ingila wannan bayanin. Yana ganin iyayen abokansa a bakin fili suna ƙwala musu kira har murya ta dishe. Yaya bai taɓa ƙorafi ba, sai dai zuciyar duk ta taru masa a hannu.

Akwai wani zauren matasa a unguwar Moss Side inda yake koyon dambe, ya sauke abin da ke cinsa a kan buhu. A shekarun da gwamnati ta ce babu kuɗi, council, wato hukumar gari, ta bi wurare tana rufewa, laburaren unguwa, wurin ninƙaya, sannan zauren nan. Aka sa masa kwaɗo, aka buga katako a tagogi. Buhu ya tafi, hannun Yaya kuwa yana nan.

Wata Juma'a da la'asar muna jiran bas ni da shi, wasu samari uku suka zo wucewa, ɗaya ya fizgi mayafina ta baya har wuyana ya yi ƙara, ya faɗi abin da ba zan maimaita ba. Ban gama juyowa ba na ji tim! Yaya ya sauke masa ƙulli a baki, haƙori ya faɗo kan takalmina. Na biyu ya rarumo kwalba, Yaya ya kama kansa ya haɗa da gilashin rumfar bas, gilashin ya tsage daga sama har ƙasa. Na ukun ya ranta a na kare. Ni ma ban tsaya kallo ba, jakata cike take da littattafan jami'a, na yi ta maka wa na farkon a ka ina zaginsa da Hausa da Turanci. Amma Yaya ya ƙi tsayawa. Ya haye ruwan cikin mai kwalbar yana kirɓa, jini na fallatsa masa a riga, idonsa ya rufe. A nan tsoro ya kama ni, don na ga kisa zai yi.

Sai wani ƙaton Bature ya sauko daga farar motar magina, jikinsa duk siminti, ya rungumo Yaya ta ƙugu ya ɗaga shi cak, ƙafafunsa na harbin iska. Ya riƙe shi haka har ya huce. Da ya sauke shi ya dube shi sama da ƙasa, ya ce da wani Turanci mai fita ta hanci, in dukan mutane yake so akwai wurin da ake yi ranar Asabar, kuma 'yan sanda ba sa zuwa. Haka wasan ƙwallon Ostareliya ya shigo gidanmu.

Ranar da na fara raka shi na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, in ta faɗi ƙasa ita kaɗai ta san inda za ta nufa. Turaku huɗu a kowane ƙarshen fili, ba raga, ba gola. Ƙartin maza da riguna marasa hannu da 'yan guntayen wanduna da ko ɗan yaye zai ji kunyar sawa. Yaya kaɗai ke saka baƙin dogon wando a ciki ya rufe gwiwa, suna ta tsokanarsa. Wanda ke riƙe da ƙwallo halal ne a kayar da shi, wanda ke kusa da ita halal ne a bangaje shi da kafaɗa. Abin da suka fi girmamawa shi ne cafka: in aka bugo ƙwallo sama ka cafke ta kafin ta taɓa ƙasa, alƙali zai hura usur, kowa ya ja baya, ka buga abarka a natse. Kuma don ka cafke ta an yarda ka taka bayan mutum da gwiwa ka haye kafaɗarsa. Na ce wa Yaya wannan ai faɗan daba ne aka sa wa usur. Kafin a tashi ni ce na fi kowa ihu.

Baturen da ya ɗaga Yaya shi ne kocinsu. Umma ta sa aka gayyato shi cin abinci, ta ga wanda ke dawo mata da yaro a kumbure. Ya zauna a ƙasa ya ci tuwo da miyar kuka da hannu, yatsunsa duk a karkace kamar citta. A nan ya ba mu labarinsa. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye mai tumaki a Ostareliya. Yana saurayi wata babbar ƙungiya a Melbourne ta ɗauke shi, ana biyansa albashi don ya yi wannan haukan. Ya ce ranar wasansa na farko jama'a sun cika fili har ba ka jin usur, kuma kafin ya taɓa ƙwallo wani tsohon ɗan wasa ya karya masa hanci da gwiwar hannu, wai maraba yake yi masa. Mai kula da su ya sa manyan yatsu ya miƙar da hancin a bakin fili, ya cusa auduga, ya mayar da shi. Suman da ya yi a fili ya fi a ƙirga. A zamaninsu in ka farfaɗo sai a nuna maka yatsu a ce nawa ne, in ka kusa daidai ka koma. Gwiwa ce ta gama da shi. Aka yanka ta, aka sake yankawa, rannan aka kira shi ofis aka ba shi hannu aka ce an gode. Ya biyo wata mata Ingila, matar ta tafi, shi ya zauna yana shafe bango. Yakan manta inda ya ajiye mota, yakan tsaya a tsakiyar magana yana laluben kalma. Umma ta ce to me ya ci riba? Ya yi dariya ya ce in aka mayar da shi baya, gobe zai sake.

Baba na kujera yana jin duk wannan. Da baƙon ya ce masa ɗanka yana da tsallen da ban taɓa gani ba a Ingila, Baba ya tambaye shi ko a ƙara miya.

Bazara bayan bazara Yaya na bugawa, don a nan lokacin zafi ake wasan. Ni ce direba da 'yar motar Umma, ni ce mai wankin riga, ni ce mai ƙanƙara. Na kai shi asibiti da yatsa ya juya baya, na kai shi da ƙashin kafaɗa a karye. Shi ma ya aika da yawa asibitin. Faɗan titi kuwa ya daina shi ɗungurungum. In ya dawo da gira a fashe, Baba zai leƙo ta saman tabarau ya ce, "Mamana, ki ce wa yayanki ya sa ƙanƙara." Ga mutum a tsaye a gabansa! Amma da safe sai a ga maganin ciwo a gefen kofin Yaya, ba wanda ya san wa ya ajiye. In na kai Baba asibitin unguwa inda yake duba marasa lafiya, tun daga ƙofar gida tambaya ce: ya yi amai? Yana ganin abu biyu-biyu? Na sha ce masa, "Baba, ɗakinsa fa na kallon naka." Sai ya ce in kula da titi.

Shekarar da Yaya ya gama jami'a kocin ya zo da magana. Wani tsohon abokin wasansa yana nemo wa wata ƙaramar ƙungiya a bayan Melbourne 'yan wasa, ƙungiyar da ke biyan albashi, kuma daga irinta ake hawa zuwa manya. Mutumin zai shigo Ingila, ya yarda zai kalli wasanmu da 'yan Birmingham. In Yaya ya burge shi zai tafi da shi. Yaya bai taɓa son wani abu a duniya kamar wannan tafiyar ba. Amma duk rashin jinsa, ya ce ba zai taka jirgi ba sai da albarkar Baba.

Ya zo falo ya durƙusa, ya yi bayani da Hausarsa mai ɗingishi. Da ya gama Baba ya juya wajen Umma ya ce, "Ki gaya masa zan je in ga abin da idona. In na gani zan yi magana." Yaya ya same ni a kicin ya ɗaga ni yana juyi da ni har na buga kai da fitila, na zage shi tas.

Ranar Asabar muka kama hanya da hantsi. Muka biya Erdington, wata unguwa a Birmingham, gidan aminin Baba, wani akanta da muke kira Baffa, don a yi azahar a ci abinci. Nan abin ya fara lalacewa. Baffa na jin ɗan Likita zai yi wasa ya ce ai ba a barin shi a baya, ya kirawo wasu dattawa biyu na masallacinsu suka cika mota. Haka Baba ya isa bakin fili da shaddarsa da hularsa, abokansa gefe da gefe, kowa na kallon yadda zai yi.

Filin na wani wurin shaƙatawa ne, ƙasar ta bushe ta yi tauri. Ba motar asibiti, ba ma'aikacin jinya, sai wata jakar bandeji a gindin turke. Mutumin Ostareliya mai neman 'yan wasan na tsaye can gefe shi kaɗai da baƙin tabarau.

'Yan Birmingham sun sa wani mai jan gashi ya tsare Yaya, kuma akwai tsohuwar gaba, don bara Yaya ya haye bayansa ya bar masa shaidar takalmi a wuya. Tun kafin a hura usur na ga yana naushin Yaya a haƙarƙari, ƙasa-ƙasa inda alƙali ba ya gani. Aka fara. Wayyo, ban taɓa ganin wasa mai muni irin na ranar ba. Aka fasa wa namu leɓe, aka take wa wani hannu har na ji ƙas. Yaya ya bangaje wani ya wuntsila kan jakar bandejin. Ya cafke ƙwallo, ya sake cafkewa, ya buga ta tsakanin turaku. Duk cafkar da ya yi sai ya saci kallon inda Baba yake. Baffa na tafi yana cewa, "Kai, Likita, yaron nan naka ingarma ne!" Baba ya ce, "Ƙarfin banza ne dai," yana gyara hula. Amma ni ina kusa da shi, na ga carbinsa ya tsaya cak a hannunsa.

Bayan hutun rabin lokaci aka bugo wata ƙwallo sama, ta daɗe ba ta sauko ba. Yaya ya taho a guje idonsa a sama. Mai jan gashi ya taho ta gefe, shi ba ƙwallon yake kallo ba. Goshinsa ya sami Yaya a gefen kai, daidai saman kunne, ƙarar kamar an fasa kwakwa a dutse. Duka biyun suka zube.

Fili ya kaure. Namu suka yi kan nasu, naushi ta ko'ina, ana yaga riguna, wani ya shaƙe wani har idonsa ya firfito. Na kutsa ciki da flas ɗin shayi a hannu. Wani ƙato na ja da baya zai taka kan Yaya, na sauke masa flas ɗin a ƙeya, murfin ya yi tsalle, shayi ya wanke mu ni da shi. Har gobe in na tuna sai in ji daɗi. Alƙali na ta hura usur yana ihu ko akwai likita a nan.

Baba ya shigo fili. Mai jan gashi goshinsa ya tsage, jini ya rufe masa fuska, yana kururuwa yana shure-shure. Yaya kuwa yana kife, ba jini ko ɗigo, ba motsi, hannunsa ɗaya a sandare. Kuma shi ya fi kusa da Baba. Na ga Baba ya nufo shi. Na ga ƙafarsa ta tsaya a gefen kansa. Sai ya waiga bakin fili, inda Baffa da dattawan nan suka zuba masa ido. Ya ɗauke kai ya wuce, ya durƙusa a gaban ɗan mutane.

"Baba!" na ce. "Baba, Yaya ne fa! Ba ya motsi!"

"Mamana, yi mana shiru," ya ce, bai juyo ba. "Zai tashi."

Ina jin Baffa daga baya yana cewa, "Allahu akbar, kun ga dattako." Wallahi da flas ɗin bai fashe ba, da shi ma ya samu rabonsa.

Yaya ya buɗe ido. Abin da ya fara gani shi ne bayan shaddar Baba, a sunkuye yana danne goshin wanda ya buge shi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe yana tangaɗi, ya ture hannuna. Kocin ya iso da ɗingishinsa ya kama fuskarsa ya leƙa idonsa, ya ce ya fita, wasansa ya ƙare. Yaya ya ce masa, "Ubana likita ne. Da akwai matsala, da wajena ya fara zuwa." Kocin ya ja baya. Ya dubi mutumin Ostareliya can gefe, ya dubi Yaya, sannan ya matsa wajen Baba ya ce, "Likita, ɗanka fa? Lafiyarsa ƙalau?"

Me kake so Bakano ya ce a kan ɗansa na fari, a gaban abokansa, hannunsa cikin jinin ɗan wani? Baba ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "He's fine. Ba komai."

Uba ne ya yi kara, amma ina kocin zai san haka? Shi dai likita ya yi magana. Na riƙe rigar Yaya ina cewa kada ka koma, ina rantsuwa, ina zagi. Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ke, sake ni. Baba bai gama gani ba."

Kusan ƙarshen wasa aka bugo ƙwallo gaban turakun Birmingham, mutane suka taru a ƙarƙashinta suna turereniya. Yaya ya taho daga baya, ya sa gwiwa a gadon bayan wani, ya sa ɗayar a kafaɗar wani, ya tashi har na ga haske tsakanin takalminsa da kawunansu. Ya cafke ta a ƙirji. Ya faɗo da baya, tim, kansa ya daki ƙasar nan mai tauri, bai saki ƙwallon ba. 'Yan Birmingham ma sai da suka tafa. Mutumin Ostareliya ya cire tabarau. Baba, da ya dawo bakin fili da jini a hannun riga, ya ce "Kai!" da ƙarfi, sannan ya yi tari don ya rufe.

Yaya ya tashi ya ja baya zai buga. Sai ya tsaya yana kallon ƙwallon kamar bai san mece ce ba. Ya juya ya fuskanci inda ba turaku. Ya yi amai a kan takalminsa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe ya faɗi, jikinsa ya kama jijjiga, dugadugansa na dukan ƙasa, kumfa na fita a bakinsa.

Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ranar. Hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya cire, ya bangaje alƙali ya wuce. Ya zube a gwiwa ya tallafo kan Yaya, ya buɗe masa ido ɗaya, ya buɗe ɗayan, na ga fuskarsa ta canza. Sai ya kira sunansa. Sunan nan da aka raɗa masa, cikakke, da ƙarfi, a gaban Baffa da dattawa da Turawa da kowa. Ya kira, ya sake kira, yana shafa masa kai yana cewa, "Ɗana, kana jina? Ga ni nan. Ga Babanka." Sunan ya fito masa wani iri, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ni da nake jiran wannan rana tun ina yarinya, sai na toshe kunnena.

Motar asibiti ta yi jinkiri har kocin ya fara dukan turke da ƙulli. Ashe jini ne ke taruwa a cikin ƙoƙon kan Yaya tun karon farko, yana matse ƙwaƙwalwa a hankali, shi kuwa yana ta tsalle a kai. Da muka isa aka wuce da shi ɗakin tiyata aka buɗe kan.

Muna zaune a baranda ni da Baba, kocin ya zo ya tsaya nesa da mu yana murza yatsun nan nasa. Ya ce mutumin Ostareliya ya ce zai ɗauki Yaya, in ya tashi. Ya faɗi haka ya fashe da kuka ya fita. Baba na kallon jinin da ya bushe a hannun rigarsa, jinin da ba na ɗansa ba. Can ya ce, "Mamana, in ya farka ki gaya masa na gani. Ki ce na yarda ya tafi. Allah ya yi masa albarka."

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba kafin ranar. Na miƙe na ce, "Ba zan faɗa ba! Wallahi ba zan faɗa ba, na gaji da aike! Kana tsaye a kansa ka wuce shi, Baba. Don Baffa? Don kada a ce me? In kana da magana ka faɗa masa da bakinka." Wata nas ta leƙo. Baba ko ɗagowa bai yi ba. Na so ya mare ni, da na fi samun sauƙi.

Yaya ya rayu, alhamdu lillahi. Ya tashi da tabo mai lanƙwasa daga saman kunne zuwa tsakiyar kai, da hannun hagu da ba ya riƙe abu da kyau. Likitoci suka ce shi da fili har abada. Ostareliya ta tafi ke nan. Saƙon albarkar Umma ce ta isar daga baya, ya yi murmushi ya ce ta iso bayan jirgi ya tashi. Kocin bai ƙara tsayawa a bakin fili ba. Kafin ya koma ƙasarsu ya kawo wa Yaya rigarsa ta zamanin Melbourne, duk ta koɗe.

Abin da ya fi ci mini rai, Yaya bai tuna komai ba. Tunaninsa ya tsaya a kan shinkafar gidan Baffa. Na ba shi labarin yadda ya tashi sama, yadda abokan gaba suka tafa, ya saurara kamar labarin wani. Da na ce masa Baba ya kira sunansa kuwa, sai ya tashi zaune.

"Ƙarya kike."

"Wallahi."

"Sunana? Da bakinsa? Ya ya faɗe shi?"

Na kwaikwaya masa. Ya ce in sake. Har yau in muka zauna mu biyu yakan kewayo da zancen, wai ya manta yadda na ce. In sake faɗa masa ina jin haushi, don ba a bakina yake son ji ba. Baba kuwa, tun da aka sallamo Yaya, "kai" ta dawo, "yayanki" ta dawo.

Yanzu Yaya yana Erdington, yana aikin injiniya a ofis, ya yi aure. Sallar da ta wuce muka je masa da Baba, wanda ya yi ritaya, kansa duk ya yi fari. Rigar kocin na rataye a bangon falo. Yaya ya shigo da tire, ya riƙe shi da hagu don ya miƙa wa Baba kofi da dama, yadda aka koya mana. Hagun ya saki. Kofuna suka tarwatse, shayi ya malale a kafet. Yaya ya tsaya yana kallon hannun.

Baba ya riga kowa sauka daga kujera. Ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo a gaban ƙafafun Yaya, ya ɗaga kai ya dube shi, bakinsa ya buɗe. Na daina numfashi. Yaya ma na ga ya daina.

"Mamana," Baba ya ce, "ki ce wa yayanki ya matsa, kada ya taka."

Na ce, "Ga shi nan a gabanka, Baba."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya ci gaba da tsince fasassun kofuna yana tarawa a tafin hannunsa, har wani ya yanke shi, bai daina ba. Yaya ya matsa baya kamar yadda aka ce.